Akwati Mai Suna Shara

A ofishin da ke saman shagon tayoyi, hawa na biyu, babu mai kiransa da sunansa na yanka. Mai Sito ake ce masa, tun daga Manaja har matar da ke zuwa goge tebura da safe. Shekararsa hamsin da uku. Gashin kansa ya riga shi yin ritaya, ƙafar gilashinsa ta hagu ɗaure take da zare, kuma kujerarsa ce kaɗai mai matashi a duk ofishin, ba don girmamawa ba, don ciwon baya. In zai zauna ya ce wash, in zai tashi ya ce wash, har abokan aikinsa kan san ya iso tun ba su ɗaga kai ba.

Su shida ne a wurin, suna rubuta wa ƙananan ma'aikatu manhajar kwamfuta. Makaranta mai son fitar da sakamakon jarrabawa, kantin magani mai son sanin abin da ya ƙare a kanta, kamfanin kwashe shara mai son sanin wace mota za ta bi wane layi da safe. Irin aikin nan ne da in ya tafi daidai babu mai tuna ka, in ya tsaya kowa ya haddace lambar wayarka.

Ba a gaban kwamfuta ya tashi ba, a garejin mahaifinsa ya tashi. Mahaifin nasa tsohon makanike ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan doka. A bangon garejin akwai wani faffaɗan katako mai ƙusoshi, kowace sifana da ƙusarta, an kuma zagaye siffarta da farin fenti. Babbar dokar gidan ita ce kayan aiki ba sa kwana a cikin mota. "Mota ta mai ita ce," in ji tsohon, "yau tana nan, gobe ta tafi. Sifana taka ce." Yana ɗan shekara goma sha biyu ya manta da sifana lamba goma a cikin injin motar wani baƙo, motar ta tafi da ita, ba a sake ganin ko ɗayansu ba. Tsohon bai dake shi ba. Suna kawai ya canza masa. Yau shekara arba'in da ɗaya ke nan, ya aurar da 'ya, ya yi jika, amma a bakin mahaifinsa har yanzu Lamba Goma ne.

Da ya bar gareji sai ya kama gyaran tafireta, tafireta ta mutu. Ya buɗe shagon da mutane ke zuwa shiga intanet, wayar hannu ta zo ta rufe masa shi. Duk sana'ar da ya riƙe sai ta cika a hannunsa, har matarsa ta ce don Allah ya daina gaisawa da masu sana'a, jama'a suna da iyali. Yana da shekara arba'in ya zauna ya koyi rubuta manhaja, da yatsu biyu da taurin kai. Ita dai wannan har yanzu tana numfashi.

To, ga yadda aka yi ya zama Mai Sito. Kowace manhaja tana da kayan aikin da take dogaro da su, waɗanda wasu mutane suka rubuta, kai naka ka sauko da su daga intanet. Kowane da lambarsa, kamar sifana. Manhajar makaranta tana son lamba biyu, ta kantin magani tana son lamba uku, in ka zuba su wuri ɗaya sai su kama faɗa, wannan ta tashi waccan ta kwanta. Shi ya sa ake ware wa kowane aiki nasa akwatin, da nasa kayan, babu ruwan wani da wani. A Turance venv ake ce wa abin, kalmar da ba ta faɗuwa sai ka ciji leɓe sau biyu. Shi ya ce leɓensa bai yi masa laifin komai ba, akwati zai riƙa cewa, duk ofishin kuma suka bi shi.

Yawancin masu wannan sana'a a cikin foldar aikin suke ajiye akwatin. Shi ma haka ya fara. Sai wata rana ya tura wa makaranta foldarsu da akwatin a ciki, fayil dubu arba'in, intanet ɗin ofis ya wuni yana nishi kamar jaki a gangare. Ba a yi wata ba Manaja ya ga sunan wata folda bai yi masa kyau ba, ya gyara harafi ɗaya. Shi kuwa akwati yana riƙe da adireshin inda aka haɗa shi, in ka kawar da shi ko ka canza sunan gidan sai ya ɓace wa kansa. Aiki ya tsaya cak. Ranar Mai Sito ya cire gilashi ya daɗe yana kallon bango, sai ya ji muryar tsohon a kunnensa. Folda ta mai ita ce, yau tana nan gobe ta tafi.

Ya buɗe wuri guda a babbar kwamfutar da ke ƙugi a ƙaramin ɗakin bayan matakala, ya sa masa suna sito, ya sake haɗa duk akwatunan a can. Foldoji suka yi sakayau. A tura, a kwafa, a canza suna, babu abin da ke karyewa. Tsari ne mai kyau, ko maƙiyinsa ba zai ce ba haka ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne sunayen. Ba ya sa wa akwati sunan aikinsa, sai sunan da ya zo masa a baki a ranar. Na makaranta, wadda ba a taɓa yi mata abu ta ce ya yi ba, shi ne surukata. Na kantin magani ciwon-baya. Akwai na-gaske, akwai na-gaske-na-gaske, akwai wani kar-a-taɓa. Akwati arba'in da uku, kuma wanne ne na wane aiki, da abin da ke cikin kowanne, duk a kansa suke, ƙarƙashin sanƙo.

Shekara tara ke nan bai yi hutun da ya wuce kwana biyu ba. An kira shi ranar da 'yarsa ta gama makaranta, ya fita daga zauren taro yana raɗa wa waya, "Ba na-gaske ba, na-gaske-na-gaske." An kira shi yana kan kujerar likitan haƙori, baki cike da auduga. Kullum cikin ƙorafi yake, ya gaji, an mai da shi bawa. Gajiyar gaskiya ce. Amma ƙorafin yana da ɗan zaƙi a ƙasansa, irin na mai gidan da ke kukan baƙi sun yi masa yawa. Mutumin da sana'a biyu suka mutu a hannunsa ba ya ƙin a ce ba a iya komai sai da shi.

Sai idon tsohon mahaifinsa ya rufe. Yanar ido ce ta lulluɓe duka biyun, a hankali, har ya kai ba ya gane mutum sai da murya. Yana can wani gari, tafiyar awa shida a mota, wurin ƙanwar Mai Sito, wadda ke fama da shi da nata aikin da nata 'ya'yan. Likita ya sa ranar Litinin mai zuwa za a yi wa idon dama aiki, ya ce kuma dole a sami mai zama da shi sati uku, mai ɗiga magani sau huɗu a rana, mai hana shi sunkuyawa. Ƙanwar ta bugo waya ta ce, "Yaya, ni na yi iya yina. Wannan karon naka ne." Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan.

Manaja mutum ne mai son a ce yana da kirki, muddin kirkin ba zai taɓa aiki ba. Ya karanta takardar neman hutun sau biyu, ya juya ta ko akwai sauƙi a baya.

"Sati uku, Malam. Sati uku fa."

"Yallaɓai, na tara shekara tara. Sati uku ai ɗanɗano ne."

"In wani abu ya tsaya fa?"

"Ga Injiniya."

Injiniya ita ce mai teburin da ke kallon nasa, mace mai shekara talatin da 'yan kai, da digiri biyu da 'ya'ya biyu, wadda ta fi kowa iya aiki a ofishin kuma ta san haka. Manaja ya kira ta, ya yanke hukunci a gabansu. Daga yau Litinin zuwa Juma'a sito yana hannunta. Ba za ta tambayi Mai Sito komai ba, shi kuma ba zai ce uffan ba. In mako ya wuce lafiya, zai sa hannu. In bai wuce ba, sai dai a nemi wani ya yi jinyar.

Litinin ta wuce lafiya. Talata bayan azahar babbar kwamfuta ta fara kuka cikinta ya cika, saura ƙiris komai ya tsaya. Injiniya ta buɗe sito, ta jera akwatunan daga babba zuwa ƙarami. Ta juyo da kujerarta.

"Kawu, wannan na saman..."

Ƙofar Manaja a buɗe take. Mai Sito ya ɗora yatsa a leɓe, ya ɗaga kofin shayinsa. "'Yata, ni baƙo ne a garin nan. Hanyar tasha ma nake nema."

Aka yi dariya, shi ma ya ji daɗin maganarsa. Ta juya ga allonta. Na saman ya fi kowanne girma, shekara shida ba a ƙara masa komai ba, sunansa kuma shara. Ta yi abin da duk mai hankali zai yi da shara. Kwamfuta ta yi shiru, kowa ya tafi gida.

Laraba, ƙarfe takwas saura, yana kan matakala bai ma kai ga wash ɗin farko ba, wayar ofis tana ta ƙara. Mai kula da direbobi ne na kamfanin kwashe shara. Takardar da ke fita kowace safiya, mai nuna wa kowace mota layinta, ba ta fito ba. Mota goma sha huɗu suna tsaye a fili, direbobi sun zauna a inuwa suna hira.

Injiniya tana tsaye a kan allo, jaka ba ta ma sauke ba. Manhajar tana cewa ba ta ga kayan aikinta ba.

Mai Sito ya manta da cewa shi baƙo ne. "Wane akwati kika taɓa jiya?"

"Babu ko ɗaya. Shara kawai na zubar."

Ya nemi kujerarsa da hannu, ya zauna. Ko wash bai ce ba, abin da ya sa duk ofishin suka ɗago kai.

"Sharar nan," ya ce a hankali, "ita ce ta masu shara."

A cikin akwati arba'in da uku, guda ɗaya tak ya taɓa sa wa sunan aikinsa na gaskiya, shi ne kuma aka jefar.

Babu kwafi, don shi da kansa ya cire sito daga cikin abin da ake kwafewa kowane mako, yana cewa akwati ai ba dukiya ba ne, in ya ɓata a sake haɗawa. Gaskiya ne, in akwai jerin abin da ke ciki. Jerin kuwa yana cikin kan mutumin da jiya ya tsaya a bakin ƙofar gidansa yana neman makullin da ke hannunsa.

Ya fara da tono takardar Larabar da ta wuce daga cikin tarin da ke kan kabad, ya karanta wa mai kula da direbobi layi-layi a waya, motoci suka fita da jinkirin awa biyu. Sannan ya zauna haɗa akwati. Ya sauko da sababbin kayan, tsohuwar manhaja ta ce ba ta san su ba. Ya koma baya lamba ɗaya, ta ƙi. Ya koma biyu, wannan ya shiga wancan ya fita. Kamar mai gwada makullai a ƙofar da ba tasa ba, haka ya wuni, shayinsa ya yi sanyi har ƙuda ya yi wanka a ciki. Sai bayan la'asar furinta ta yi tari ta tofo takardar.

Manaja ya fito, hannu a aljihu. "Ka gani ko, Malam? Kana zaune a nan ma ga abin da ya faru. In ka yi awa shida daga nan, ai mu za a zo a kwashe." Ya ajiye takardar hutun a kan teburin Mai Sito, babu sa hannu, ya koma ciki.

Mai Sito ya dubi Injiniya. Yana da magana a baki, mai kaifi, tun safe yake wasa ta.

"Mutum da digiri biyu," ya fara.

"Kawu, tsaya." Ba ta ɗaga kai daga jakar da take zugewa ba. "Na yi kuskure, ban musa ba, kuma na ji zafin abin da ya jawo maka. Amma in ka rubuta guba a jikin kwalbar zuma, kar ka yi fushi da wanda ya zubar. Na juyo zan tambaye ka, ka ce min tasha kake nema."

Ya ɗauki takardar hutun ya sa a aljihu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A gida matarsa tana ninke wanki a kan gado. Ta ga yadda ya cire takalmi, ɗaya a nan ɗaya a can, ta san babu labari mai daɗi. Ya ba ta a taƙaice.

"To ka kira Baba ka gaya masa da bakinka," ta ce. "Ni ba zan ɗaukar maka wannan ba. Kuma ka kira tun rana ba ta faɗi ba, ka san da wuri yake kwanciya."

Ya fita baranda, inda waya ta fi kamawa. Ƙanwarsa ta ɗauka, ba ta tambaye shi komai ba, ta miƙa wa tsohon.

"Lamba Goma."

"Na'am, Baba. Ya jiki?"

"Jiki yana nan, ido ne ya yi tafiya. Ran nawa za ka taso?"

Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya faɗa. Ya yi bayanin akwatuna da sito yadda tsohon zai gane, har da ɗan alfahari, don ya nuna dokar gareji ce ya riƙe. Kayan aiki ba sa kwana a mota, Baba, wuri ɗaya na tara su, kamar katakonka.

Tsohon ya katse shi.

"Ka zana?"

"Na'am?"

"Katakon naka. Ka zagaye kowace sifana da fenti?"

"Ai ni na san inda komai yake, Baba."

"Ni ma na sani. Yanzu haka da makantar nan, ka kai ni garejin in miƙa hannu in ɗauko maka lamba sha uku. Kana tsammani don kaina na sayi fenti?" Ya yi tari. "Don ranar da ba na nan na yi shi. Yaron da ya zo jiya ma ya kalli bango ya san me ya ɓata, ya san inda zai mayar. Shi ya sa na iya zuwa jana'izar uwarka na yi kwana bakwai ba a rufe gareji ba. Kai ka ɗauki katako ka bar fenti. Wannan ba sito ba ne, kurkuku ka gina, ka kulle kanka, kana ta yi wa mutane taƙama da makulli."

"Baba..."

"Shekara arba'in da ɗaya, har yanzu kana barin sifana inda ba a ganinta. In ba ka zo ba ƙanwarka za ta ɗiga min. Ta gaji, amma za ta ɗiga. Sai da safe."

Ya daɗe a barandar da waya a hannu. A ƙasa wani yana ta fama da babur ɗin da ya ƙi tashi.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma wanda bai fafe ba tun shekara tara, ranar tafiyar ce kaɗai ta rage masa. Alhamis ya riga mai goge tebura zuwa. Da Injiniya ta iso ta tarar ya jawo kujerarsa, da matashinta, zuwa gefen teburinta.

"'Yata, fenti za ki taya ni."

Ya ba ta labarin katakon. Ta ce abu mai sauƙi, a mayar da kowane akwati cikin foldar aikinsa kamar yadda duk duniya ke yi, a huta. Ya ce ko gawarsa ba za ta yarda ba. Suka ja, suka ja, suka tsaya a tsakiya. Akwati zai zauna a sito. Amma a cikin kowace folda za a ajiye ƙaramin fayil mai faɗin sunan akwatinta, da jerin kayan da ke ciki kowanne da lambarsa, da layi ɗaya da za a buga a sake haɗa shi daga farko. Sunaye kuma za su koma na aikin, ba na surukai ba. Da yake akwati ba ya yarda a canza masa suna, sai da suka sake haɗa kowanne, suka gwada, sannan suka zubar da tsohon.

Aiki ne mai cin rai. Shi yana faɗa, ita tana bugawa, wani lokaci ya tsaya ya dafe sanƙo kamar mai jiran saƙo daga nesa. Ta rubuta wata 'yar manhaja mai layi ashirin da ke duba bango gaba ɗaya, ta nuna wane aiki ne ba shi da akwati, wane akwati ne ba shi da aiki. Goma sha ɗaya suka fito marayu, na kamfanonin da suka daɗe da rufewa. A cikinsu har da kar-a-taɓa.

"Wannan na mene ne, Kawu?"

Ya leƙa ciki, ya leƙa, ya goge gilashi ya sake leƙawa. "Wallahi ban sani ba."

"Shekara nawa muna tsoronsa?"

"Bakwai. Ni ma tsoronsa nake."

Ta goge shi. Babu abin da ya faru, ko fanka ba ta girgiza ba.

Juma'a da hantsi ya ƙwanƙwasa ƙofar Manaja, takardar hutun a hannu, ya roƙe shi ya fito minti goma. A gaban kowa ya zauna a teburinsa, ya buɗe sito, ya nemo sabon akwatin masu shara, wanda ya wuni yana haɗawa ranar Laraba, ya goge shi da hannunsa. Manaja ya yi wani ƙaramin sauti a maƙogwaro.

"Yallaɓai, ga wayata, riƙe min. Zan sauka in ga ko tayoyi sun yi tsada."

Ya sauka. Ya tsaya a bakin shagon yana kallon wani yana cire ƙusa daga taya. Da ya hawo, furinta tana tofo takardar layukan gobe, Injiniya ta riga ta koma kan wani aikin.

"Minti bakwai," in ji Manaja, yana kallon agogonsa kamar an yi masa rashin kunya. Ya karɓi takardar, ya sa hannu a tsaye. "Ashe abin ba wuya."

Mai Sito ya ce ai kuwa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Abin da ya riƙe shekara tara yana ci da shi, yana rashin barci da shi, ashe minti bakwai ne. Ya ji nauyi ya sauka daga kafaɗarsa, ya kuma ji wurin da nauyin ya bari yana masa sanyi.

An yi aikin ranar Litinin, an dace. Ɗakin tsohon ƙarami ne, gado ɗaya, kujera ɗaya marar matashi, taga mai kallon bangon maƙwabta. Sau huɗu a rana Mai Sito yana wanke hannu, ya ɗaga haɓar mahaifinsa, ya ɗiga magani, ya ce kar a sunkuya, tsohon ya ce shi da ya yi shekara hamsin a ƙarƙashin mota ba yau za a koya masa kwanciya ba. Ƙanwarsa ta yi barcin rana a karo na farko cikin wata takwas. Wayarsa tana kan taga. Yakan duba ta, ya ga ko caji ne ya ƙare. Caji a cike yake.

Rana ta tara, da safe, hazon idon ya fara washewa. Tsohon ya juyo ya tsura masa ido ɗaya, ya daɗe yana kallo, daga sanƙo har zaren gilashi.

"Ashe haka ka tsufa."

"Aiki ne, Baba."

"Sun kira?"

"Ba su kira ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, yadda likita ya yarda. "To ko ka iya aiki, ko an kore ka. In ka koma ka gani."

Mai Sito ya yi dariya har bayansa ya amsa. Ya rufe kwalbar maganin, ya ajiye ta a kan gado kusa da ƙafar tsohon, ya miƙe zai fita wanke hannu.

"Lamba Goma."

"Na'am, Baba."

"Nan ne wurinta?"

Ya dawo, ya ce wash, ya ɗauka ya mayar kan taga.